Sauti Ya Ja Akalar Lantarki a Jikin Mutum: Ci Gaba Ne ko Ganganci?

A ƙasashen Turai, Amurka da China akwai kamfanonin da ke ƙera wasu ƙananan na'urori na manya, masu aika ɗan lantarki cikin jiki ta faya-fayan roba da ake mannawa a fata, domin motsa jijiyoyi da tsoka a lokacin kusantar ma'aurata. Daga cikin sanannunsu akwai ET312 ta kamfanin ErosTek na Amurka, da 2B ta E-Stim Systems na Ingila, da Coyote ta DG-Lab na China, wadda ake sarrafawa da manhajar waya. Sayayya ta intanet ta rushe katangar da ke tsakanin kasuwanni, saboda haka irin waɗannan kaya na iya isa hannun mutumin da bai taɓa karanta ko layi ɗaya a kan yadda lantarki ke ratsa jiki ba. Kunya ado ce, amma ba ta hana wuta ƙona fata. Wannan ne dalilin da ya sa batun ya cancanci a tattauna shi da natsuwa. Halacci ko haramcin abin fage ne na malamai. Abin da ke gabanmu a nan shi ne wani saiti guda da ya raba kan masu amfani da na'urorin, wato saitin da ke miƙa ragamar lantarkin ga sauti.

Tambayar ita ce: shin hikima ce mutum ya bar kiɗa, ko murya, ko wani sautin da aka naɗa, ya yanke ƙarfi da salon lantarkin da zai shiga jikinsa? Wasu na ganin nan ne fasahar ta kai ƙololuwa. Wasu kuma na ganin nan ne hankali ya sauka daga kan kujerarsa.

Asalin abin

Sanya lantarki a jiki da gangan ba sabon abu ba ne. Wani likitan Rum mai suna Scribonius Largus ya rubuta, a ƙarni na farko na Miladiyya, cewa ana maganin ciwon kai da ciwon gaɓoɓi da wani kifin teku mai jan lantarki. Mu ma muna da namu, minjirya, wadda masuntan Kogin Kwara da Tafkin Chadi suka san halinta, domin babba na iya sakin fiye da bolt 300. A 1791 Luigi Galvani na birnin Bologna ya wallafa bincikensa kan yadda lantarki ke sa ƙafar kwaɗo motsi. A 1965 kuma Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin cewa motsa wasu jijiyoyi na iya toshe hanyar da saƙon ciwo ke bi zuwa ƙwaƙwalwa. Wannan bayani ne ya share fage ga na'urar TENS, wadda ta yaɗu tun shekarun 1970, kuma har yau masu gashin ƙashi a asibitoci ke manna ta a bayan mai ciwon baya. Na'urorin da muke magana a kansu jikokin wannan na'ura ne, sai dai an sauya musu manufa.

Na'urar TENS ta asibiti takan aika gajerun bugu, daga kamar 2 zuwa 150 a sakan guda, kowane bugu bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Gajartar bugun ce ke sa jijiya ta ji shi ba tare da ya yi ɓarna ba. Salon bugun kuma a rubuce yake a cikin na'urar, ba ya sauyawa sai mutum ya murɗa da hannunsa. Saitin sauti ya zo ya sauya wannan tsari.

Yadda sauti ke zama umarni

Hanyoyi biyu ne, kuma rashin bambance su shi ne tushen yawancin ruɗani. A hanya ta farko, na'urar na sauraron sautin ne kawai a matsayin umarni. Ita ce ke ƙera bugunta kamar yadda ta saba, amma idan sautin ya ɗaga sai ta ƙara ƙarfi, idan ya sauka ta rage. A hanya ta biyu, wadda wasu ke haɗa wa da kansu a gida da amfilifaya da taransifoma, igiyar sautin ce kanta ke zama lantarkin da ke shiga jiki. A nan babu wani mai gadi tsakanin fayil ɗin da fatar mutum sai ingancin haɗin da aka yi.

Sautin kan shigo ta makirofo, ko ta wayar da aka jona daga salula ko kwamfuta. Idan ta waya ce kuma sautin sitiriyo ne, ɓangaren hagu kan tafi layi ɗaya, na dama ya tafi ɗaya layin, ta yadda wurare biyu a jiki za su karɓi saƙo daban-daban. Daga nan sai saituttukan da suka fi muhimmanci. Akwai kaifin ji, wato yawan yadda na'urar ke kambama sautin da ya shigo. Akwai mashiga, matakin da sauti zai kai kafin na'urar ta amsa. A wasu na'urori da manhajoji akwai saurin hawa da saurin sauka, waɗanda ke yanke ko lantarkin zai yi tsalle ne nan take ko zai hau a hankali. Sannan akwai iyakar sama, matakin da ba a yarda lantarkin ya wuce ba ko da sautin ya kai ina.

Wani lissafi ɗaya ya isa ya nuna nauyin waɗannan saituttuka. Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma duk ƙarin desibel 6 na nufin siginar ta ninka sau biyu, ƙarin 20 kuma ta ninka sau goma. Hira ta yau da kullum tana wajen desibel 60, ihu kuma yakan kai 80 ko fiye. Ke nan wanda ya daidaita na'urarsa a kan muryar hira, sannan aka ƙwalla ƙara kusa da makirofo, ya aika mata da umarni ninki goma na abin da ya shirya wa.

Hujjar masu goyon baya

Hujjarsu ta farko daga halittar jiki take. Jijiyoyi na sabawa da duk abin da ke maimaita kansa. Wanda aka taɓa manna wa TENS a asibiti ya san cewa bayan 'yan mintoci jin yakan dushe, har sai an ƙara ƙarfi. Masu goyon baya na cewa a nan haɗarin gaske yake: mutum ya riƙa murɗa ƙarfi sama, sama, yana bin jin da ke guje masa. Sauti kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana hawa, yana sauka, yana yin shiru, yana dawowa, don haka jijiya ba ta samun damar sabawa. A ganinsu, wanda ke amfani da sauti zai iya zama a ƙaramin mataki ya sami abin da wani ke nema a babban mataki. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, ba sai an ƙara wa gangar ƙarfi ba.

Hujja ta biyu ta shafi kusanci. Salon da kamfani ya rubuta a cikin na'ura ba ya san kowa, iri ɗaya ne ga duk wanda ya saya. Amma idan muryar miji ko ta mata ce ke juya abin, to na'urar ta daina zama bare a tsakaninsu, ta koma hanyar isar da saƙo. Raɗa na haifar da taɓawa mai laushi, ɗaga murya na ƙara mata kauri. Suna ƙara da cewa akwai ma'auratan da rashin lafiya, ko rauni a gaɓoɓi, ko raguwar ji a jiki ya taƙaita musu hanyoyin kusantar juna, kuma abin da ba ya buƙatar ƙarfin hannu na iya zama musu sauƙi.

Hujja ta uku ita ce ilimi. Fayil ɗin sauti abu ne da ake iya buɗewa a kwamfuta a ga siffarsa da ido, a ga inda ya yi tsini da inda ya kwanta, a yanke abin da ba a so. Masu ƙera irin waɗannan fayiloli kan gina su a kan sauti mai kaɗawa ɗaruruwa zuwa wajen 1,000 a sakan, domin ya fi santsi a jiki, su kuma guji tsalle na ba-zata. Masu goyon baya na cewa wanda ya koyi kaifin ji da mashiga da iyakar sama ya fi fahimtar na'urarsa a kan wanda ke danna lamba ɗaya zuwa goma bai san abin da ke ƙarƙashinsu ba. A wurinsu, saitin sauti makaranta ce.

Hujjar masu adawa

Masu adawa na farawa da tambaya mai sauƙi: wa ke da iko da sautin ɗaki? A ɗauka an jona na'urar da salula, ana kunna fayil mai laushi, an daidaita komai. Sai kira ya shigo, ko saƙo, ko ƙararrawar farkawa, ko talla ta kutso a tsakiyar waƙa. A wayoyi da yawa ƙarar kira da ta ƙararrawa na da nasu matakin daban da na kiɗa, kuma za su iya bin wayar da aka jona su shiga na'urar. Ko cusa filogi da zare shi na haifar da wani ɗan tsawa a layi, wanda kowa ya sha ji a lasifika ranar taro. Idan makirofo ne kuwa, tari, atishawa, bugun ƙofa ko tashin janareto duk umarni ne. Na'ura ba ta san bambancin raɗa da hatsari ba.

Sun kuma nuna wani tarko da ya keɓanta da makirofo. Idan lantarkin ya yi yawa, abin da mutum zai fara yi shi ne ƙara. Ƙarar kuwa ita ce ke ƙara lantarkin. Ke nan kukan neman agaji ya zama makamashin abin da ake kuka da shi. A duk wata mu'amala ta ma'aurata, kalmar "tsaya" ita ce birki. A wannan saiti, idan ba a yi hattara ba, ta koma totur. Ga masu adawa, wannan kaɗai ya isa hujja.

Sai batun jiki kansa, wanda ba ya tsayawa a hali ɗaya. Busasshiyar fata na iya tare lantarki da turjiyar da ta kai om 100,000, jiƙaƙƙiya kuma ta faɗo zuwa wajen 1,000. Gumi kaɗai na iya sauya yadda mataki ɗaya ke ratsa mutum tsakanin farkon zama da ƙarshensa. Idan gefen faifan da aka manna ya ɗago, lantarkin da ke bazuwa a faɗin tafin hannu sai ya taru a wuri kamar kan yatsa, ya yi zafi, har ya ƙona. Charles Dalziel, wani injiniya a Jami'ar California da ke Berkeley, ya yi suna wajen auna matakin da lantarki ke ƙanƙame tsoka har mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe, kuma a irin wutar gida matakin bai wuce miliamfiya 10 zuwa 16 ba. Na'urorin kamfani na kauce wa wannan da gajerun bugu. Amma a haɗin gida, inda igiyar sauti ce ke shiga jiki kai tsaye, kaurin kiɗa na ƙasa-ƙasa na kaɗawa ne a kusa da 50 ko 60 a sakan, daidai da kaɗawar wutar gida, wadda take cikin mafi haɗari ga tsoka da zuciya. Waƙar da aka yi don kunne ba a yi ta don jijiya ba.

Suna kuma tuna mana cewa babu mai tsaron ƙofa. Na'urar TENS ta asibiti na ƙarƙashin dokokin kayan lafiya, akwai ma ƙa'idar duniya mai lamba IEC 60601-2-10 da aka tsara domin na'urorin motsa jijiya da tsoka. Kayan manya kuwa galibi ana sayar da su ne a matsayin kayan nishaɗi, ba kayan asibiti ba. Kamfani mai mutunci zai kiyaye ƙa'ida don kare sunansa, amma kasuwar intanet cike take da kwaikwayo marasa suna, marasa takardar bayani. A wurin da wuta ke yawan hawa da sauka, cajoji marasa inganci kuma suka cika kasuwa, jona irin wannan na'ura da salular da ke kan caji na nufin an shimfiɗa hanya daga soket zuwa jiki, ba abin da ke tsakani sai cajar da ba a san wanda ya ƙera ta ba. Araha ba ta ado, a nan kuma tana iya cin rai.

Hujjarsu ta ƙarshe sirri ce. Manhajar da ke juya sauti zuwa umarni na neman izinin sauraron ɗakin kwana. A 2017 kamfanin Standard Innovation na Kanada, mai ƙera We-Vibe, ya amince ya biya kusan dala miliyan 3.75 ta Amurka don sasanta ƙarar da aka shigar a kansa, bisa zargin cewa manhajarsa na tattara bayanan yadda mutane ke amfani da na'urar ba da saninsu ba. Ba na'urar lantarki irin wannan ba ce, amma darasin ɗaya ne. Abin da addini da al'ada suka yi wa katanga mafi tsawo bai kamata a buɗe masa taga da hannun mai ɗaki ba.

Auna hujjojin

Idan aka ɗora hujjojin biyu a sikeli, za a ga cewa ba a kan abu ɗaya suke jayayya ba. Duk abin da masu goyon baya ke yabo, salo ne: sauyi, bazata mai daɗi, amsa wa murya. Duk abin da masu adawa ke tsoro kuma, ƙarfi ne: tsallen da ya wuce abin da jiki ya yarda da shi. Salo da ƙarfi kuwa abubuwa biyu ne da ake iya rabawa, kuma saituttukan da muka lissafa don wannan aka yi su.

Masu goyon baya sun yi gaskiya game da sabon jijiya, amma sun yi sakaci da suka ɗauka kowa zai zauna ya koyi desibel kafin ya kunna. Yawancin mutane ba sa karanta takardar bayanin ko da fanka ce, balle abin da suka saya a ɓoye suna jin nauyin tambayar kowa. Hujjar cewa saitin sauti makaranta ce ta tsaya ne ga wanda ya yarda ya zama ɗalibi. Masu adawa kuma sun yi gaskiya game da kira da tari da ƙara, amma sun wuce gona da iri da suka haɗa na'urar kamfani mai iyakar sama da haɗin gida mara birki a kwando ɗaya. A na'urar da sauti ke zama umarni kawai, aka kuma kafa mata iyaka, mafi munin abin da ihu zai yi shi ne ya kai lantarkin matakin da mutum ya riga ya gwada ya amince da shi.

Wannan ya nuna cewa tsarin daidaitawa ya fi na'urar muhimmanci. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a daidaita ƙarfi a lokacin da sautin ke ƙasa, domin a lokacin ba a jin komai, sai a yi ta murɗawa, sannan sautin ya ɗaga. Daidai shi ne akasin haka: a fara da komai a sifili, a kunna wurin da ya fi ƙara a cikin fayil ɗin, a ɗaga a hankali har inda jiki ya gamsu, a kafa iyaka a nan. Duk abin da zai biyo baya ƙasa da haka zai kasance. A sa salula a yanayin jirgin sama, a kashe ƙararrawa, a cire ta daga caji, na'urar ma ta yi aiki da batir. Kada a cusa ko a zare filogi alhali faya-fayan na jiki. Idan akwai saurin hawa, a sassauta shi. Idan makirofo ne, a ɗaga mashiga, a rage kaifin ji, a kuma yarda da wata alamar tsayawa da ba ta buƙatar murya, maɓallin kashewa kuma ya kasance inda hannun wanda lantarkin ke jikinsa zai kai.

Akwai kuma iyakokin da babu saitin da ke ɗage su, waɗanda masu ƙera na'urorin da kansu ke nanatawa. Ba a sanya faya-fayan sama da ƙugu, domin kada lantarki ya ratsa ƙirji, wuya ko kai. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a jikinsa, da mai ciwon zuciya, da mai farfaɗiya, da mai juna biyu, ba nasu ba ne sam. Ba a mannawa a kan rauni ko inda fata ta mutu da ji, domin zafi shi ne ɗan aiken da ke gargaɗi kafin ƙuna. Wanda ya sha abin da ke gusar da hankali ba shi da ikon auna abin da yake ji, balle ya ba da yarda.

Matsaya

Ra'ayina ya karkata ga masu adawa a wuri biyu, ba tare da sassauci ba. Haɗin gida da ke zuba igiyar sauti kai tsaye cikin jiki ba abin da wanda ba masanin lantarki ba zai kusanta ne, haka ma duk na'urar da ba ta da suna, ba ta da takardar bayani, ba ta da hanyar kafa iyakar sama. A waɗannan, ganganci ne tsantsa, kuma jiki amana ce da ba a caca da ita.

A kan na'urar da aka ƙera da kyau kuwa, masu goyon baya na da hujjar da ba za a ture ba, bisa sharaɗi guda: sauti ya zaɓi salo, mutum ya zaɓi iyaka. Wanda lantarkin ke shiga jikinsa shi ne zai kafa wannan iyaka da kansa, yana cikin hayyacinsa, kafin a fara, kuma babu miji ko mata ko manhaja da ke da hurumin ɗaga ta a bayan idonsa. Nauyi na kan kamfanoni su sa na'urorinsu su ƙi shiga saitin sauti har sai an kafa iyakar, su kuma rubuta gargaɗinsu da harshen da mai saye zai gane. Nauyi na kan masu sayarwa su daina miƙa wa mutane kaya ba bayani. Wanda kuma ya ga ba zai iya kiyaye waɗannan sharuɗɗa ba, to ya bar saitin sauti a kashe, domin babu wani jin daɗi na minti goma da ya kai darajar lafiyar da za a rayu da ita shekaru.